Awo da haihuwa lokacin annoba: babban asibiti ko na unguwa?

Tun kullen korona na 2020 masu juna biyu a Kano ke yawan tambaya: idan annoba ta ɓarke, babban asibiti irin Murtala ko Malam Aminu Kano za a nufa, ko ƙaramin asibitin unguwa?

Wajen awo, na unguwa ya fi sauƙi da araha. Ko an hana adaidaita fita, da ƙafa ma a je, kuma babu zaman kafaɗa da kafaɗa a kan benci kamar na babban asibiti. Ana auna hawan jini, a ba da ƙwayar ƙarin jini da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Sai dai akan ɗauke ma'aikatansa zuwa aikin annoba, wasu ƙananan asibitocin kuma ba sa aikin dare.

Ranar naƙuda bambancin ke fitowa. Zubar jini fiye da rabin lita, jijjiga, ko jaririn da ya zo a gicciye sun fi ƙarfin ƙaramin asibiti, turawa zai yi. Ga dokar hana fita, ga dare, nan ake rasa lokaci. Don haka a tanadi mota da mai ba da jini tun wata na bakwai. Babban asibiti kuwa yakan taƙaita masu zaman jinya, ya sallami mai jego da wuri. Rigakafin tarin fuka (BCG) da ɗigon shan inna na jariri ana samu a unguwa.

Wadda cikinta ke lafiya, ta kuma saba haihuwa lami lafiya, na unguwa ya ishe ta. Mai hawan jini, sikila, cikin tagwaye, ko wadda aka taɓa yi wa tiyata, ta sa takunkumi ta yi rajista a babba.