Sirdin fata bayan wata shida

Kullum da keke nake zuwa aiki, daga Ɗorayi zuwa Sabon Gari, tafiyar kusan minti 40. Phoenix ne, ɗan Shanghai, ya ga jiya ya ga yau. Da sirdinsa na asali ya yage sai na sayi wani ƙato mai soso, faɗinsa kamar faranti. A shago na danna shi da babban yatsa, ya lotsa luf, na ce to na huta.

Ashe yatsa ba ya zaɓar wa mazaunai sirdi. Minti goma na farko daɗi, daga nan soson ya kwanta, ƙasusuwan zama su nutse, nauyin jiki ya koma tsakiya inda jijiyoyi suke. In na sauka sai na ɗan tsaya kafin wurin ya daina sagewa. Ga gefensa yana gogar cinya, ga zufa a watan Afrilu tana taruwa a kan ledar.

Na kai kuka wurin dattijon da ke mini faci. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, katifa ka saya ko sirdi?" Dabarar auna ƙashi kuwa wani abokin aiki ya koya mini: ka ɗora kwali a kan benci, ka zauna ka ɗan sunkuya, ka tashi. Za ka ga rami biyu. Nawa tazararsu santimita 12 ce. Sirdi ya kamata ya fi wannan faɗi da kamar santimita biyu, kuma mai zama a miƙe irin namu yana son fiye da haka, ba kamar 'yan tsere masu kwanciya a kan keke ba.

Abin da na saya daga baya sirdin fata ne ɗan Indiya, mai sifirin biyu a baya, ƙirarsa irin ta Brooks, kamfanin Ingila da aka kafa a 1866, wanda tsofaffin kekunan Raleigh da yawa suka zo da sirdinsa. Kuɗinsa ya kusa ninka na mai soso sau uku.

Makon farko na yi da-na-sani, don kamar a kan turmi nake zaune. Baba mai faci ya ce in yi haƙuri, in shafa man kaɗe kaɗan ta ƙasa, kada in cika, don in ya yi yawa fatar za ta saki. Ya kuma daidaita shi ya kwanta sambal, hancin bai ɗaga ba, ya ɗago shi har sai da ƙafata ta miƙe in dunduniya na kan feda a ƙasa. Wannan kaɗai ya raba ni da ciwon gwiwa. Bayan kamar wata ɗaya fatar ta yi gurbi biyu daidai ƙasusuwana. Yanzu sai in isa gida ban tuna da sirdi ba, sifirin kuma yana shanye ramukan hanya.

Aibinsa: yana da nauyi, yana ƙara kamar tsohon gado, kuma ba ya shiri da ruwa. Da damina leda ba ta barin aljihuna. Sau ɗaya ya yi wa farin wandona tabo. Fatar ta ɗan saki a wata na biyar, na ɗaure notin da ke ƙarƙashin hanci rabin juyi, ta koma daidai.

Ƙanena ya ari keken ranar Juma'a, ya dawo yana ɗingishi yana tambayar ina na ajiye mai soson.