Farasitamol, Ibuprofen ko Tramadol: Wanne Ya Dace da Ciwonka?

Idan ciwo ya taso mutum gaba, tambayarsa a gaban mai sayar da magani guda ɗaya ce: wanne ya fi ƙarfi? Ni dai da za a ji tawa, da an fara tambayar wane irin ciwo ne, kuma wane jiki ne zai karɓi maganin.

Farasitamol shi ne mai sauƙin hali. Ba ya cin ciki, yana sauke zazzaɓi, yana lafar da ciwon kai. Amma hanta ce ke sarrafa shi, don haka babba kada ya wuce giram 4 a awa 24, wato ƙwaya 8 ta miligiram 500. Inda mutane ke faɗawa ba su sani ba shi ne maganin mura: juya kwalin ka karanta ƙananan rubutun nan, sau da yawa akwai farasitamol a ciki, sai a sha biyun a zarce ƙa'ida. Kuma ba kowane ciwo yake ji ba. Wani gwaji da aka yi a Ostireliya kan mutum sama da 1,600 masu sabon ciwon baya, wanda mujallar Lancet ta buga a 2014, ya nuna bai sa sun warke da wuri fiye da waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta ba.

Ibuprofen ya fi shi aiki inda akwai kumburi: haƙori, targaɗe, ciwon mara na al'ada. Idan ba likita ya rubuta ba, a tsaya a miligiram 1,200 a rana. Sai dai a nan nake roƙon a yi hattara. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, da wanda gudawa ko amai suka zuƙe wa ruwan jiki, duk ba nasu ba ne. A 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta ja kunnen masu juna biyu su kauce masa daga mako na 20. Ɗan'uwansa diclofenac kuwa, tun 2013 hukumar magunguna ta Turai ta hana shi ga masu ciwon zuciya da waɗanda suka taɓa shanyewar ɓarin jiki. In gwiwa ce ke damunka, na shafawa ya fi na haɗiya sauƙin illa. Kada a haɗa ibuprofen da diclofenac, gida ɗaya suka fito.

Haɗin da ya halatta shi ne farasitamol da ibuprofen. A wani bincike da aka buga a 2017, an gwada shi a sashen gaggawa na asibiti a unguwar Bronx ta Niu Yok, kan masu ciwo mai tsanani a hannu ko ƙafa. Bayan awa biyu, sauƙin da suka samu bai bambanta da na waɗanda aka ba haɗin da ke da kodin ko oxycodone, wato magunguna masu ƙarfi dangin tramadol, ba.

Shi ya sa ba na ganin dalilin da mutum zai nemi tramadol da kansa. Yana kama jiki har a kasa bari, yana iya jawo farfaɗiya, in ya haɗu da giya ko maganin barci yana danne numfashi. Wani binciken Amurka na 2018 ya bi mutum 240 masu daɗaɗɗen ciwon baya, gwiwa ko ƙugu har shekara guda, kuma dangin waɗannan magunguna ba su fi na yau da kullum taimaka musu ba, sai ma ƙarin illa. Suna da wurinsu bayan babbar tiyata da ciwon daji, a hannun likita.

Yaro ɗan ƙasa da shekara 16 ba a ba shi asfirin. Ciwon ƙirji, ko ciwon da ya ƙi lafawa bayan 'yan kwanaki, asibiti za a kai shi a gano tushensa.