Ranar da na taya alayyafo a Madison

Tun da na zo karatu garin Madison da ke jihar Wiskonsin ta Amurka, ban taɓa jin kunya irin wadda na ji wata Asabar ta watan Agusta ba, kuma a kan ɗaurin alayyafo na dala 3 abin ya faru.

Akwai kasuwar manoma ta gundumar Dane, wadda take ci tun shekarar 1972, kowace Asabar daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Nuwamba, inda ake jera rumfuna kewaye da ginin majalisar jihar. Dokarta ita ce ba wanda zai kasa kaya sai wanda ya noma shi ko ya sarrafa shi da kansa a cikin jihar, saboda haka babu dillali kuma babu ɗan sari. Jama'a kan zagaya ta fuska ɗaya, suna barin ginin a hannun hagu, mu kuwa da yake baƙi ne sai muka tunkari taron gaba da gaba, muna ta ba da haƙuri, har muka iso rumfar wata dattijuwa 'yar ƙabilar Hmong, mutanen da suka yi hijira daga Laos bayan yaƙin da ya ƙare a 1975, waɗanda da yawansu suka riƙe noman lambu a nan. A gabanta ga alayyafo mai jan kara, ga kuɓewa ɗanya, ga barkono mai yaji. Wata bakwai rabonmu da ganin alayyafo, domin abin da manyan kantuna ke sayarwa a leda wani ganye ne mai laushi da ke narkewa a tukunya kafin a juya miya sau biyu.

Na ɗaga ɗauri uku, na jinjina su kamar yadda na saba a kasuwar 'Yankaba ta Kano, na ɗan yamutsa fuska, sannan na ce zan ba da dala 5. A raina ina jiran ta ce albarka, in ƙara ɗaya, mu haɗu a tsakiya. Dattijuwar ta dube ni kawai, ba ta ce uffan ba. Jikarta, yarinyar da ba za ta wuce shekara goma sha biyar ba, ita ce ta nuna mini allon da aka rubuta farashi, ta ce cikin ladabi kakarta tun kafin asuba ta tashi ta yanko ganyen nan, kuma kuɗinsa ke nan ga kowa. Mutanen da ke layi bayana suka yi tsit, wani dogon Bature ya mai da idonsa kan takalminsa, maiɗakina kuma ta matse mini hannu ta ce da Hausa, "Malam, don Allah biya mu tafi." Na zaro dala 9 na miƙa. Abin da ya ƙara tona mini asiri shi ne na ci gaba da tsayuwa da jaka a buɗe, ina jiran gyara, har sai da yarinyar ta tambaye ni ko akwai wani abin da nake so.

Na yi kwana biyu ina jin haushi, ina cewa wace irin kasuwa ce wannan da ba a tayi, ba a raha, ba a tambayar mutum iyali. Kuma har gobe ina nan a kan cewa kayan sun yi tsada, musamman ga ɗalibin da bai daina juya dala zuwa naira a kansa ba. Sai dai da muka zazzage jakar a gida, ganyen da ke tsakiyar ɗaurin daidai yake da na waje, babu tsutsa, babu kara da aka cusa don ya yi kauri. Nan na tuna kwandon tumatirin da na taɓa saya ana gobe sunan ɗana, samansa jawur kamar a ci ɗanye, ƙasansa kuwa ruwa da ƙudaje. Mai kayan ya san ya yi algus, ni ma na san na karya masa farashi fiye da ƙima, kowa ya tafi yana ganin ya yi wayo. Manomin Kadawa da ya sha ranar ban-ruwa ba ya ma wurin, domin tun a bakin gona dillali ya karɓe kayan a kan abin da ya ga dama, ya san tumatir ba ya jiran gobe.

Abu na biyu da kasuwar ta koya mana shi ne lokaci. A watan Mayu kusan ganyaye ne kawai da albasa mai lawashi, masara ɗanya sai Yuli, tumatirin gona sai Agusta da Satumba, kabewa kuma ta cika ko'ina a Oktoba. Daga nan sanyi ya sauko, tafkunan Mendota da Monona su daskare, kasuwar ta koma cikin gini da dankali da karas da cuku. Wanda ya yi sake a Satumba, zai yi wata shida yana cin tumatirin kanti mai kyan gani da ɗanɗanon ruwa.

Dole ta sa muka koyi tsara girkin mako. Daren Juma'a maiɗakina kan zauna da takarda, mu duba abin da ya rage a firij, amma ba ta cike jerin sai mun dawo daga kasuwa, tunda abin da aka samu shi ke yanke hukunci. Idan an dace da alayyafo, Asabar da Lahadi tuwon shinkafa ne da miyar ganye, saboda shi ne mai saurin yaushi. Kuɓewa a yanka a daskarar, kabeji da karas su jira dafa-dukar Laraba, kabewa kuwa ko wata ta yi ba abin da zai same ta, ita ce ta miyar taushe duk ranar da aka samu sarari. A ƙarshen Satumba mukan sayi tumatir kwali biyu da jan tattasai, mu markaɗa, mu tafasa har ruwan ya tsotse, mu ƙulla a ƙananan ledoji na girki ɗaiɗai.

Na san amsar da za a ba ni daga gida, cewa da wace wutar za a riƙe firij, kuma mai neman na yau da ƙyar ina ya ga kuɗin cefanen mako. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma mahaifiyata ba ta taɓa mallakar firij ba, kuma duk lokacin da kayan gwari suka yi araha takan shanya tumatir a kan soro ya zama kauɗa, ta yanka kuɓewa ta busar, ta daka kuka ta zuba a tulu, har damina ta wuce ba ta aiki yaro da kuɗin kashi ɗaya ba. Mu da muka yi boko ne muka raina wannan, muka koma tumatirin leda da kuɗin cefane kowace safiya, sannan idan damina ta zo farashi ya haura mu cika gari da kuka kamar ba kowace shekara ake yi ba.

Na daɗe ina kauce wa rumfar dattijuwar saboda kunya, sai da alayyafo ya gagara a ko'ina na koma. Ta gane ni, ta yi dariya, ta sa jikarta ta tambaye ni yadda muke dafa shi. Na yi bayanin gyaɗa da daddawa iya ƙoƙarina, ita kuma ta ce su da tafarnuwa suke soya shi sama-sama. Asabar ta ƙarshe kafin sanyi ya kashe ganye, na biya dala 9 ɗina ba tare da na buɗe baki ba, na juya zan tafi, sai ta kira ni da hannu, ta damƙo barkono cike da tafinta ta zuba mini a jaka.