Magangarar Ruwan Assop: Ta Dace da Fitar Yini Ɗaya ga Ma'aurata?

Ta dace, in an shirya mata. Assop tana gefen hanyar Jos zuwa Abuja, a gangaren Hawan Kibo, kimanin kilomita 60 daga Jos. Ku baro gari da ƙarfe 8 na safe, ku juyo kafin la'asar ta yi sanyi, domin hawan nan manyan motoci ne ke binsa, ga kwana-kwana, ga hazo da damina. Maigida ya duba birki da ruwan lagireto tun a gida.

Ruwan ya fi ban sha'awa a Agusta da Satumba, amma a lokacin ne duwatsun ke yin gansakuka, santsi kamar an zuba kuɓewa. Uwargida ta bar takalmi mai tsini a gida, a sa kambas mai kama ƙasa. Wanka kuwa a haƙura da shi idan ruwa ya cika, yana da ƙarfin ja sosai. Da rani ruwan kan ragu, sai dai zama ya fi daɗi.

Kada ku dogara da samun abinci a can. Ku riƙo kula, tabarma, sallaya da tsabar kuɗin shiga. Ranakun aiki sun fi sakewa, Asabar da Lahadi akan cika.