Esi mai inbata a ɗakin mai sikila: abin da na gani

Duk mai sikila a Kano ya san watan Afrilu. Zafi ya haura digiri 40, gumi na zuba, ruwan jiki na ƙarewa, jini ya yi kauri, sai ƙasusuwa su fara sara. Nawa ciwon a ƙugu da gwiwoyi yake zama, ko lafiya lau nake ba ya barina gaba ɗaya. Fanka a bazara iskar zafi kawai take juya maka. Shi ya sa na shiga adashi na sayi esi mai inbata, doki ɗaya, a Sabon Gari.

Ba don sanyi nake yaba ta ba. Mu sanyi ma abokin gaba ne: idan ya bugi fata farat ɗaya, jijiyoyin jini su tsuke, ciwo ya tashi, a kwana ana ƙarin ruwa. Tsohuwar esin ofishinmu haka take, ta taso da ƙarfi har haƙora su kaɗa, ta mutu, zafi ya dawo, ta sake tasowa. Wannan hawa da saukar shi ke kayar da ni. Mai inbata kuwa injinta ba ya tsayawa, rage gudu yake yi idan ɗaki ya kai inda ka saita. Ina ajiye ta a 26 ko 27, in ɗaga fukafukanta sama don kada iska ta sauka a kaina, ɗakin ya tsaya a haka har asuba. Barcin da nake samu yanzu ya fi min wani maganin.

Wajen wuta ma ta yi. Ba ta fizgar wuta lokacin tashi irin na da, don haka ƙaramin janaretana yana ɗaukar ta, muddin firiji da dutsen guga suna kashe. Amma kada a ruɗe ku da cewa ba ta cin komai. Tun Afrilun 2024 da aka kai kuɗin wutar 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta a rana, naira 225 kan kowane yunit, na koma lissafi. Ko wat 400 take ja, awa takwas ya haura naira 700 a dare guda a wancan farashin. Mai albashin malanta ya san nauyin wannan.

Tana busar da iska sosai. Zan farka maƙogwaro a bushe, wanda ga mai sikila ba ƙaramin abu ba ne, don haka gorar ruwa ba ta barin gefen gadona. Ƙurar Kano kuma tana toshe ragarta da wuri, sai an riƙa cirewa ana wankewa.

Wanda ya ɗora min ita ne ya ɓata min rai. Ya bar ramin bututu a buɗe, bai ɗaure mahaɗar bututun gas da kyau ba, gas ya tsiyaye, sai da na sake biyan wani. Ku tsaya a kansa har ya gama, ko da zai ce kun cika sa ido.

Wanda kuɗinsa bai kai ba, kula mai ruwa, wato fankar da ke sanyaya iska da ruwa, tana taimakawa a bazara saboda iskarmu busasshiya ce, amma a bar taga a buɗe. Da damina ta sauka ta tashi aiki, sai dai ta ƙara maka danshi.