Mai zanen barkwancin nan na Samaru, ga yadda muka yi da shi

Jama'a wallahi sai na yabi yaron nan mai shagon zane a Samaru, can kusa da kasuwa. Na kai mai hoton Babanmu ne ya yi mana zanen barkwanci saboda walimar ritaya, kwana 3 ya gama, da na buɗe takardar sai da na zauna don dariya, ya ƙara mai girman hula ya ja gemun nan amma kana gani ka san Baba ne kuma ba raini a ciki ko kaɗan, Baba da kanshi ya ce a sa a firam.

A sashen Fine Arts, wato na zane-zane, na ABU yaron ya yi karatu, inda manyan masu zane su Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 tun wajen yana kwaleji kafin ya zama ABU, to hannun ba a banza ya faɗa ba. Yana katun mai motsi ma, shi ke rubuta labarin da kanshi da Hausa, ya nuna min a kwamfuta yadda sakan ɗaya ke cin zane 12 ko 24, kai abin da wahala, na tausaya mai sosai.

Matsalata ɗaya, in an ɗauke wuta aiki ya tsaya cak don ba shi da sola, ɗan bidiyon da na ce ya haɗa wa yarana sai da ya ƙara sati. Kuma shagon ya yi ƙanƙanta, mutum uku kun cika shi. Duk da haka bikin ƙanwata wajenshi zan koma insha Allah.