Landan ko Paris: ina za a kai hutun abokai?

Idan abokai sun haɗa kuɗin hutu, gardamar farko takan tsaya kan biranen nan biyu.

Landan ba ta wahalar da baki. Mai Turancin sakandare zai karanta allon tasha, ya tambayi hanya, ya sayi abinci. Shiga gidan tarihi na British Museum kyauta ne, kuma a unguwar Peckham za ka samu doya da manja kamar kana Legas. Sai dai fam na cin aljihu, bizarta kuwa ta Birtaniya ce kaɗai.

Paris kam sai an yi da gaske. Ka shiga shagon burodi ka fara da Turanci ba tare da "bonjour" ba, sai ka ga fuskar mai shago ta canza. Gaisuwar nan ita ce sallamarsu. In ka yi ta, ko da nuni da yatsa ciniki zai faɗa. Wanda ya yi sa'ar aboki ɗan Maraɗi ko Damagaram, ya samu tafinta kyauta, amma bawan Allah ba zai huta ba, kowa na jan rigarsa. Ga hasumiyar Eiffel ta 1889, ga babban masallacin da aka buɗe a 1926, inda ake shan shayin na'a-na'a. Bizar shiga Faransa kuma, wato Schengen, za ta shigar da ku har Beljiyam da Italiya.

Ni dai Paris zan ja abokaina. Mai biza biyu kuwa, jirgin ƙasa na Eurostar zai tsallakar da shi tsakanin biranen biyu cikin ƙasa da awa biyu da rabi.